Shari'ar Alex Belfield: ta yaya bidiyon YouTube ya kai mai gabatar da shiri kurkuku na shekara biyar da rabi?

Nafi'u
Assalamu alaikum jama'a. Ina so masana cikinmu su warware mana wata shari'a ta Ingila. Alex Belfield, mutumin Nottingham, tsohon mai gabatar da shiri a BBC Radio Leeds. A ranar 16 ga Satumba 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 5 da mako 26 kan laifin bibiyar mutane da takura musu. Bai taɓa dukan kowa ba, ba a ce an kama shi yana laɓe a ƙofar gidan wani ba. Imel ne da Twitter da bidiyon YouTube. To shekara biyar da rabi a kan magana? Ni dai ina ganin an yi masa nauyin hannu saboda manyan BBC ya taɓa.

Malam Ɗanjuma
Wa alaikumus salam. Nafi'u, kafin a je ga hukunci bari a san mutumin. Irin 'yan rediyon nan ne da ke yawo daga tasha zuwa tasha a kan kwantiragi, yau nan gobe can. Ya samu shirin hantsi a BBC Radio Leeds a 2010, kuma a 2011 aka ƙi sabunta masa kwantiragi. Wannan ba sabon abu ba ne a aikin rediyo. Mai gabatarwa ba ma'aikacin dindindin ba ne, in wa'adinsa ya cika shugaban tasha na iya cewa an gode, shi ke nan.

Daga nan ya koma intanet. Yana hira da mawaƙa da 'yan wasan dandamali, yana sharhin wasanni, daga baya ya gina tasharsa ta YouTube mai suna The Voice of Reason, wadda ta tara mabiya sama da 300,000, musamman lokacin kullen korona da mutane ke zaune a gida. A gane fa, mutumin ya iya aikinsa. Yana da murya, ya san yadda ake riƙe mai sauraro, ya san inda zai dakata da inda zai ɗaga murya. Wannan ƙwarewar ita ce ta sa abin ya yi muni da ya juya ta kan mutane ɗaiɗai.

Barista Hadiza
Ƙanena Nafi'u, batun nauyin hannu saboda manyan BBC, lissafin hukuncin da kansa ya rushe shi. Ga yadda yake.

An gurfanar da shi a kotun Nottingham kan tuhuma takwas, mutum takwas. A farkon Agusta 2022 masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutum 12 daga cikin jama'a, suka same shi da laifi a huɗu, suka wanke shi a huɗu. Huɗun da aka wanke shi duk mata ne, ma'aikata da shugabanni a BBC. Wato a wurin da ya fi taɓa shugabannin gidan ma bai faɗi ba.

A huɗun da ya faɗi, biyu babban laifi ne, biyu ƙarami. Babban: Bernie Keith, mai gabatar da shiri a BBC Radio Northampton, da wani mai ɗaukar bidiyo da ba ma'aikacin BBC ba ne. Kowannensu shekara 2 da rabi. Ƙaramin: Jeremy Vine na BBC Radio 2, da wani mai rubuta sharhin wasannin dandamali a intanet. Kowannensu mako 13. Alƙali Saini ya ce a jera su ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba. Biyu da rabi sau biyu, shekara 5. Sha uku sau biyu, mako 26.

Ka ga ke nan Jeremy Vine, mutumin da ya fi kowa suna a cikinsu, wanda jaridu suka yi ta buga hotonsa, mako 13 kacal aka yanke a kansa. Shekaru biyar ɗin na mutum biyu ne da yawancin mutanen Ingila ba su taɓa jin sunansu ba.

Nafi'u
Na gode Yaya Barista, ban lura da wannan rabon ba. Amma me ya raba babban da ƙaramin? Ai duk hanya ɗaya ya bi.

Barista Hadiza
Hanya ɗaya, amma ba a hanyar ake awo ba, a ɓarnar ake yi.

Dokar ita ce ta kariya daga tsangwama ta 1997. A 2012 aka ƙara mata sassa biyu da suka ambaci bibiya da sunanta, 2A da 4A. Sashe na 2A shi ne ƙaramin, iyakarsa wata 6. Abin da ake buƙata: mutum ya yi abin aƙalla sau biyu, abin ya kai tsangwama, kuma ya sani ko ya kamata ya sani cewa tsangwama ce. Wannan "ya kamata ya sani" ɗin shi ke toshe ƙofar "ni ban yi da nufi ba". Kotu na tambaya ne: mai hankali da ke riƙe da bayanan da wannan mutum ke da su, zai ga abin tsangwama ne?

Dokar ta kawo misalan ayyukan bibiya: bin mutum, tuntuɓarsa ta kowace hanya, wallafa magana ko wani abu a kansa, sa ido kan yadda yake amfani da intanet ko imel, ra-ra-gefe a inda yake, taɓa kayansa, leƙensa. Ka lura da na biyu da na uku. Ba sai ka tashi daga kujerarka ba.

Sashe na 4A kuwa sai an ƙara ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai an sa mutum tsoron za a kai masa hari aƙalla sau biyu, ko kuma an jefa shi cikin mummunan firgici ko ƙunci da ya yi babban tasiri a harkokinsa na yau da kullum. Da iyakarsa shekara 5 ce, a 2017 aka mayar da ita 10. Masu gabatar da ƙara kan duba abubuwa irin su sauya hanyar zuwa aiki, sauya gida, ƙara tsaro a gida, daina fita cikin jama'a, taɓarɓarewar lafiya. Kuma dokar ta ba masu taya alƙali damar su ce babban bai tabbata ba amma ƙaramin ya tabbata. Abin da ya faru a tuhumar Vine ke nan.

A kan Bernie Keith, abin ya ɗauki shekaru, kuma da can shi da Belfield abokai ne. Kotu ta ji cewa Keith ya kai gaɓar kashe kansa. Alƙalin ya faɗi haka a jawabin hukunci.

Auwalu
Ni inda nake da ja shi ne nan. Mutumin ya ce shi mai fallasa ne, yana bin yadda BBC ke kashe kuɗin lasisin talabijin da jama'a ke biya. Tambayar hukuma da dokar 'yancin samun bayanai ai haƙƙinsa ne. In aka fara ɗaure mai suka don wanda ake suka ya ce ya kasa barci, gobe kowane shugaba zai kawo takardar likita. Mu da muka san yadda ake amfani da irin wannan doka a kan 'yan jarida bai kamata mu yi saurin tafi ba.

Malam Ɗanjuma
Auwalu, tsoronka a kan hanya yake, amma ka ɗauki zargin da ya fi shahara ka auna shi da ma'aunin aikin jarida. Ya ce Jeremy Vine ya saci fam 1,000 na BBC dangane da taron tunawa da John Myers, wani babban jami'in rediyo da ya rasu a 2019. To ya ake yin irin wannan labari in da gaske ake? Ka samu takarda ko shaida, ka aika wa wanda ake zargi tambaya a rubuce, ka ba shi lokaci ya amsa, ka sa amsarsa a labarin, in ya tabbata ba haka ba ne ka janye. Zargin nan ƙarya ne, kuma bai hana a ci gaba da maimaita shi ga dubban ɗaruruwan mutane ba. Daga baya Vine ya kai shi ƙarar ɓata suna, Belfield ya nemi afuwa ya amince zai biya diyya.

Sannan mai ɗaukar bidiyo da mai sharhin wasan dandamali, wane kuɗin jama'a ke hannunsu? Ba su riƙe da muƙami, ba su da ofishi. Abin ya kai ga shigo da iyalansu da mutanen da suke harka da su. Ɗan jarida yana bin lamari ne, in lamarin ya ƙare ya wuce. Shi kuwa Belfield mutum yake bi, in wani zargi ya mutu ya nemo wani.

Zulai
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato yadda abin ke aiki a aikace. Mai tasha mai mabiya 300,000 ba ya buƙatar ya zagi kowa sau dubu. Sau ɗaya zai ambaci suna, ya sa hoton mutum a fuskar bidiyon, ya ce wa masu kallo ga shi nan. Sauran aikin su za su yi. Vine ya shaida wa kotu cewa dubban saƙonnin ƙiyayya suka yi ta shigo masa, har ya nuna wa 'ya'yansa hoton Belfield don su gane shi in ya zo ƙofa. Ka kwatanta gidan da aka manna hoton baƙo don yara su haddace fuskarsa.

Shi ya sa alƙalin ya ce Belfield ya mayar da intanet makami, ya kuma ce duk da ba bibiya irin ta da ba ce, tsoratarwarta ba ta gaza ba, kuma ta wasu fuskoki ta fi wuyar magancewa. Gaskiya ne. Wanda ke laɓe a kan layi mutum ɗaya ne, an san kamanninsa, 'yan sanda na iya ɗauke shi. A nan kuwa ba ka san wane ne cikin masu kallo zai ɗauki abin da zafi ya nemo adireshinka ba. Kamar wanda ya jefa ashana a jeji da rani ne ya ce shi kara ɗaya ya ƙyasta.

Kuma akwai kuɗi a ciki, kada a manta. Bidiyon faɗa yana jawo kallo, kallo yana jawo talla da gudummawar masoya. Mai irin wannan tasha ba shi da dalilin dainawa.

Auwalu
To me ya sa aka wanke shi a kan matan huɗu in dai hujjar ta yi ƙarfi haka?

Barista Hadiza
Masu taya alƙali a Ingila ba sa faɗin dalilinsu, doka ma ta hana su bayyana abin da suka tattauna. Abin da hukuncin ke nufi kawai shi ne ba su gamsu ba har matakin da babu kokwanto. Ba ya nufin sun ce matan ƙarya suka yi.

Shaidar haka ita ce alƙalin ya sa masa takunkumin hana tuntuɓa ko wallafa magana a kan dukkan mutum takwas, har da matan huɗu, kuma ba wa'adi. Sashe na 5A na dokar 1997 ya ba kotu wannan ikon ko da an wanke mutum, in ta ga ana buƙatar kare wani daga tsangwamarsa. Ma'aunin hujja a nan ya fi sauƙi, irin na shari'ar farar hula ne, wato wane ɓangare ya fi rinjaye. Karya takunkumin laifi ne mai zaman kansa, har shekara 5.

Auwalu, dokar ba ta rufe wa mai suka ƙofa ba. Akwai kariya ga wanda ya nuna abin da ya yi don hana laifi ko gano shi ne, ko kuma a yanayin da ake ciki abin da ya yi ya dace da hankali. Amma wanda ake tuhuma ne zai nuna hakan. Belfield shi ya kare kansa, kuma bai shiga akwatin shaida ba, sai jawabin rufewa da ya yi. Jawabin rufewa ba shaida ba ce, ba a rantse ake yinsa ba, lauyan gwamnati ba ya yi maka tambayoyi a kai. A ganina babban kuskure ne. Mutumin da kariyarsa ita ce "ina da dalili" ya ƙi zama a tambaye shi dalilin.

Wani abin lura: a irin wannan shari'a kotu na iya hana wanda ake tuhuma yi wa masu ƙorafi tambayoyi da bakinsa, ta naɗa lauya ya yi a madadinsa, don kada zauren kotu ya zama ci gaban tsangwamar.

Hajiya Binta
Allah ya saka da alheri Barista. Ni ta ɓangaren wanda abin ya sama zan yi magana, don a nan yawancin ƙararraki ke mutuwa tun kafin su kai kotu.

Matsalar farko, kowane saƙo shi kaɗai ba komai ba ne. Ka kai wa ɗan sanda imel guda, zai karanta ya ce wannan ai rashin kunya ce kawai. Laifin yana cikin jerin ne. Don haka sai an gina jerin.

A buɗe littafi ko fayil guda. Duk abin da ya faru a rubuta rana, lokaci, ta wace hanya ya zo, me aka ce, wa ya gani. A ɗauki hoton allo yadda sunan asusun da kwanan wata da adireshin shafin za su fito, ba a yanke gefe ba. Bidiyo a sauke shi gaba ɗaya a ranar, don masu wannan hali suna gogewa da zarar sun ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙara, kuma a rubuta minti nawa ne aka ambaci sunanka, don ba ɗan sandan da zai zauna ya kalli shirin awa biyu yana nema. Imel kada a tura shi gaba a goge na asali, bayanan da ke nuna daga inda ya fito suna jikin na asalin. A ajiye kwafi a wuri biyu.

Sau ɗaya a rubuta masa a taƙaice cewa ba a son ya sake tuntuɓa, a ajiye kwafin, daga nan a yi shiru. Wannan saƙon shi ke nuna ya sani. Ramuwa kuwa ita ce ke ɓata ƙara, lauyansa zai ɗaga amsarka ya ce faɗa ne tsakanin mutum biyu. Ga mai tashar YouTube ma amsarka abin shirin gobe ce.

Sai ɓangaren da mutane ke jin kunyarsa: rubuta abin da ya sauya a rayuwarka. Ranar da ka kasa zuwa aiki, abokin cinikin da ya janye, kuɗin kyamarar da ka sa a ƙofa, zuwa wurin likita. Kamar yadda Barista ta nuna, wannan ne ke raba wata 6 da shekara 10.

Kuma duk rahoton da za a kai wa 'yan sanda a ambaci lambar rahoton farko, a nace a haɗa su a fayil ɗaya. In ba haka ba jami'ai biyar za su riƙe abu biyar, ba wanda ya ga hoton gaba ɗaya. A Ingila da Wales tun Janairun 2020 'yan sanda na iya neman odar kariya daga kotun majistare tun kafin a gurfanar da mutum, a ƙarƙashin dokar 2019. Gidauniyar Suzy Lamplugh ce ke kula da layin taimako na ƙasa kan wannan matsala.

Malam Ɗanjuma
Hajiya ta gama magana. Sai dai in ƙara laifin gidajen watsa labarai. Shawarar da aka saba ba ma'aikaci ita ce ka yi banza da shi, zai gaji. Wannan na aiki a kan mai zagi na kwana biyu. Mai naci, shiru ba ya gajiyar da shi. Matan nan sun koka cewa an bar su su kaɗai shekara da shekaru, kuma daga baya BBC ta nemi afuwarsu kan rashin tsaya musu. Tasha ce ke da lauyoyi da sashen tsaro, ita ya kamata ta tattara saƙonnin a wuri ɗaya, ta sa wani ya riƙa tace akwatin imel ɗin ma'aikacin, ta yi magana da 'yan sanda da sunan gidan. Mutum takwas kowa na fama a ɗakinsa, alhali mai yi musu mutum ɗaya ne.

Auwalu
Na karɓi batun mutum biyun nan da ba su da muƙami. Amma ban janye tsorona ba. Ku dubi sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015. Shi ma da sunan hana bibiya aka kawo shi, amma 'yan jarida aka fi kamawa da shi.

Barista Hadiza
Nan kam ina tare da kai, amma ginin dokokin biyu ba ɗaya ba ne. Tsohon sashe na 24 saƙo guda ya ishe shi, kuma ya yi amfani da kalmomi masu faɗi irin su ɓata rai da cin mutunci, ga ɗaurin har shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Rubutu ɗaya a Facebook kan gwamna na iya shiga ciki. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a Fabrairun 2024 aka gyara shi aka taƙaita. Ta Ingila kuwa tana neman maimaici, tana neman a nuna tsangwama ga wani mutum takamaimai, ga kariyar dacewa da hankali, kuma a babban laifin mutum 12 daga cikin jama'a ne ke yanke hukunci. Ga shi sun wanke shi a rabin tuhumar. Ɓata suna zalla ma ba laifin ɗauri ba ne a Ingila tun 2010, ƙarar diyya ce, shi ya sa Vine ya bi ta can daban.

Wanda ake bibiya a Najeriya ya fi dacewa ya duba dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta ambaci bibiya a matsayin laifi, ya kuma tabbatar jiharsa ta amince da ita, don ta tarayya Abuja ta shafa kai tsaye.

Nafi'u
To yanzu yana ina? Ya cinye shekara biyar da rabin?

Zulai
A'a. A lokacin, irin wannan hukunci rabi ake yi a ciki, rabi a waje bisa sharuɗɗa, sakin talala ke nan. Rabin shekara 5 da mako 26 shi ne shekara 2 da wata 9, wanda ya kai Yunin 2025, kuma a lokacin aka sake shi. Shirin rage cunkoson gidajen yari na Satumbar 2024, da ya rage zaman wasu fursunoni a ciki zuwa kashi 40 cikin 100 na wa'adinsu, bai haɗa da masu laifin bibiya ba. Mai sakin talala yana ƙarƙashin jami'in sa ido, ana iya gindaya masa sharuɗɗa kan inda zai zauna da yadda zai yi amfani da intanet, kuma in ya karya ana iya mayar da shi ciki ba tare da sabuwar shari'a ba. Takunkumin mutum takwas ɗin kuma yana nan ko bayan wa'adin ya cika, sai in kotu ce ta ɗage.

Nafi'u
Yaya Barista, tambaya ta ƙarshe. Mabiyan da suka aika dubban saƙonnin fa, su ba abin da ya same su?

Barista Hadiza
Kowannensu na iya ɗaukar nasa laifin in saƙonsa barazana ce ko ya maimaita. Amma a aikace bin asusu dubbai, da yawansu da sunan bogi, wasu a wajen ƙasar, kuma sai an nemi bayanansu daga kamfanonin da ke Amurka, ba aikin da rundunar 'yan sandan yanki ɗaya za ta iya ba ne. Shi ya sa ake bin tushen. Sashe na 7 na dokar ma ya ce abin da wani ya aikata da taimakonka ko zugarka ana iya lissafa shi a naka.